A Mayar Wa Ruwa Hanyarsa

Duk wanda ya hau mota daga Wudil ya biyo ta Shuwarin ya nufi Azare, ko kuwa ya ratse kudu ya shiga ƙauyukan Birnin Kudu da na Buji, in ya ɗauke idonsa daga kan kwalta ya dubi gefen hanya, lalle zai ga ramuka. Wani ya kai filin Idi faɗi, bakinsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, zurfinsa ya shanye dogon mutum har da saura. Nan aka kwashi jar ƙasa da burji aka yi hanyar da motar ke gudu a kai. Da rani awaki ke zagaya su, ba ko tsinken ciyawa a ciki. Da damina kuwa sai su cika su batse, yara su tafi wanka, wani in ya tafi ke nan. Masu aikin sun daɗe da naɗe kayansu. An buɗe hanya, an yi jawabi, an tafa, an watse. Ramin yana nan, kuma kowace shekara ƙara girma yake yi, alhali ba wanda ya sake sa masa katafila.

Ruwa ne ke ƙara masa girma, kuma maganar ruwan nan ita ce aka ƙi yi.

Ba mai hankalin da zai ce a daina haƙa. Tun ran 27 ga Agusta 1991, da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano aka mai da Dutse babban birni, gini bai tsaya ba: ofisoshi, da gidaje, da jami'a, da filin jirgin sama. A 1996 Buji ta sami ƙaramar hukumarta da hedkwata a Gantsa, ita ma ta bukaci hanyoyi da makarantu. Kowane bulo yashi ne, kowace kwalta tsakuwa ce da aka fasa daga dutse, kowace hanyar ƙauye burji ne da aka kwaso daga gonar wani. Mace mai naƙuda da aka kai asibitin Birnin Kudu cikin rabin sa'a ta san amfanin hanya fiye da kowane mai rubutu. Ƙarar da ake kaiwa a nan ta wanda ya haƙa ce, ya kwashi abin da yake so, ya tafi bai mayar wa ruwa hanyarsa ba. Da shi, da wanda ya ba shi izini, da wanda ya karɓi goro ya yi shiru.

Kafin a sa katafila a wuri, ruwan wurin yana da hanyarsa, ko da ido bai gan ta da rani ba. Yakan taru daga tudu, ya bi kwari a hankali, ciyawa da saiwar kalgo da sabara suna rage masa gudu, rabi ya nutse cikin ƙasa ya je rijiya, saura ya sauka fadama. Shekaru aru-aru ruwa da ƙasa suka yi suna wannan sulhu, tsofaffin gari kuma sun san shi sarai, shi ya sa ba su gina gida a wani wuri ko da an ba su kyauta. Mai karatu ya yi lissafin yawan ruwan da ake magana. In aka yi ruwa inci 2 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, abin da ya zuba a kan eka ɗaya tak ya fi duro 1,000. In fili mai eka 20 ne ke gangarowa wuri ɗaya, duro 20,000 ke nan. A gona mai taki da shuka ƙasa takan shanye mai yawa. A filin da aka kankare, tifa ta daddanne shi ya zama kamar daɓe, kusan dukansa gudu zai yi, kuma dole ya bi wani wuri.

To, ga abin da rami ke yi. Ruwan da ya saba tafiya a kwance sai ya iske baki a tsaye, ya faɗa. Inda ya faɗa sai ya ƙwaƙule gindin bangon, bangon ya rasa abin da zai tsaya a kai, ya rufto. Gobe ruwa ya faɗa daga sabon bakin, wanda ya ja baya da taku ɗaya ko biyu. Haka kwazazzabo ke haihuwa, kuma abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne da baya yake tafiya, yana hawa tudu, yana nufar inda ruwan ya fito. Saboda haka manomin da gonarsa ke sama da ramin, wanda bai sayar da ko kwando ɗaya na ƙasa ba, shi ne zai wayi gari ya ga bakin kwazazzabo a cikin gerons­a. Masu ilimin ruwa sun auna sun ga in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfinsa ninki huɗu yake yi. Hanyar da tifa ta bi ta shiga ramin ita ma takan zama korama, gama tayar mota ta riga ta yi wa ruwa layi. Ƙasar da aka zaizaye kuwa ba ɓacewa take yi ba. Can ƙasa take zuwa, ta binne fadamar mai shinkafa da rairayi, ta toshe kwalbatocin hanyar nan da aka haƙa ramin dominta, ruwa ya rasa mafita ya hau kan kwalta ya yanke ta. Rami ɗaya, mutum uku sun yi hasara: na sama, da na ƙasa, da gwamnatin da ta biya kuɗin hanya.

Wanda yake so ya ga ƙarshen wannan hali ba sai ya ƙetare teku ba. Kogin Dilimi da ya ratsa garin Jos, shi ne ke gangarowa ta Bunga ya zama Kogin Jama'are, nan gabas da ƙasar Dutse. In aka bi ruwan nan aka hau har tushensa, za a iske ƙasar da ta fi kowace a Nijeriya shan haƙa.

Kuza ba Turawa suka fara gano shi ba. Maƙeran Riruwai, a kudancin ƙasar Kano, sun daɗe suna narka shi suna sayar wa fatake. Amma daga wajen 1904 kamfanonin Ingila suka hau tudun Jos, a 1914 kuma jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, aiki ya kankama. Da fari lebura ne da diga da kwano a ka, daga baya aka kawo manyan injuna masu dogon wuya, waɗanda ke yaye ƙasa su tara ta tsibi-tsibi. Shi kuza a gindin tsofaffin rafuka yake kwance, kuma da ruwa ake wanke shi. Don haka aka tare rafuka, aka karkatar da su, aka yanka musu sababbin hanyoyi zuwa wurin wanki, laka da yashin da suka rage kuma aka sake su suka bi kwari. Mutanen Arewa sun zuba gumi a wurin nan, har da rai. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka shiga kwasar mutane da tilas daga lardunan Arewa, abin da talakawa suka kira diban gwamna. Sai a 1944 aka daina, bayan sanyin tudu da cuta sun kashe da yawa. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya durƙushe. Aka bar wa mutanen Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi da Sabon Gidan Kanar ƙasar da aka lalata fiye da eka 70,000, da ɗaruruwan tafkuna masu zurfi, da tuddan ƙasa tsirara waɗanda ruwa ke tsagawa kowace damina.

Kada a ce hukuma ba ta yi kome ba. Ta yi, kuma abin da ta yi shi ne abin dubawa. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ba da ikon a tilasta wa kamfani gyaran inda ya haƙa, amma ta zo bayan an yi shekara arba'in ana ɓarna. Ba da daɗewa ba aka kafa wani sashe na gwamnati don gyaran ƙasar kuza. Dabararsu ita ce a ture tuddai cikin ramuka, a baje, a dasa itacen turare, da nufin in an jima ƙasa ta farfaɗo a mayar wa manoma. Daga nesa abin gwanin sha'awa, kore shar, baƙo ya zo ya gani ya yaba. Amma abin da aka gyara ɗan kaɗan ne ƙwarai in an gwada da abin da aka ɓata. Sa'an nan a shekarun 1980, da masana daga Jami'ar Jos da ta Durham a Ingila suka haƙa gindin itatuwan nan suka auna, sai suka iske bayan shekaru masu yawa ƙasar ba ta yi wani ƙarfin kirki ba, har ma ta ƙara tsami. Inda ƙasa ta rayu kuwa, hannun manoma ne ya raya ta, Birom da Hausawa masu lambu, da toka da sharar gari da kashin shanu, suna jawo ruwan tafkunan suna noman rani, har tumatir da kabeji da karas na Jos suka cika kasuwanni.

Darasin a fili yake. Baje ƙasa da dasa itace ado ne, mai sauƙin nunawa, mai sauƙin rubutawa a rahoto. Ƙasar da aka juya cikinta waje, aka binne ta sama mai albarka a ƙarƙashin ta ƙasa marar amfani, ba ta komawa gona don an kafa mata allo. Kuma ƙasar ciko sako-sako take, tana lotsawa shekara da shekaru, ruwa yana cinta fiye da ƙasar da ba a taɓa ba. Wanda ya cike rami bai shirya wa ruwa mabi ba, abinci kawai ya tara wa kwazazzabo.

Yadda ya kamata a yi ba asiri ba ne, kuma rabinsa tun kafin a fara haƙa ake yinsa. Tun ran gini ran zane. Ƙasar sama, watau baƙar nan da ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, wadda ke ɗauke da taki da irin ciyawa, ita ce dukiyar gona duka. A kankare ta a tara gefe guda, kada a haɗa ta da jar ƙasa, kada kuma a loda ta a tifa. Sa'an nan a yanka lambatu a saman wurin, ya gewaye shi kamar ganuwa, domin ruwan da ke gangarowa daga tudu ya bi ta gefe ya koma tsohon kwarinsa ba tare da ya faɗa rami ba. Lambatun nan kada ya miƙe tsaye da gangare, a kwantar da shi ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan. Ya zama mai faɗi marar zurfi, gama ruwa in ya baje ba shi da haƙori, in aka matse shi ne yake cizo.

In haƙa ta ƙare, aikin farko shi ne a karya bakin ramin. Bango a tsaye ba ya zama. A kwantar da shi, kowane taku uku da aka yi gaba a sauka taku ɗaya, yadda saniya za ta sauka ta sha ruwa ta hau, yaron da ya zame kuma ya iya rarrafowa. Ciko a yi shi hawa-hawa ana dannewa, a tayar da tsakiyarsa kaɗan saboda lotsawa, kāna a mayar da baƙar ƙasar nan a bisa. Inda dole ruwa ya sauka daga sama zuwa ƙasa, nan ne ake kashe kuɗi, nan ne kuma 'yan kwangila suka fi yin ha'inci. Wurin a shimfiɗa masa duwatsu, ko kwandunan waya cike da duwatsu, kamar matakala, a yi ɗan kwarmi a gindi inda ruwa zai faɗa ya huce kafin ya wuce. Cikin magudanar a jera ƙananan madatsai na dutse, tsakiyarsu ta fi gefe gajarta don ruwa ya haye ta tsakiya, in ba haka ba sai ya zagaya ta gefe ya buɗe sabuwar ɓarna. Kowace madatsa takan tare yashi a bayanta, har magudanar ta zama hawa-hawa. A ƙasar da Allah ya tara wa duwatsu kamar Dutse da Birnin Kudu, wanda ya ce dutse ya yi tsada ya nemi wani dalilin.

Ciyawa kuwa ita ke riga itace. Wannan shi ne abin da masu son hoto ba su so su ji. Dashen itace ɗan wata uku, mai ganye biyar, ba ya tare ruwan Agusta. Abin da ke riƙe ƙasa a shekarar fari shi ne jema, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa kamar raga, da gamba, da kiri-kiri mai yaɗo, a dasa su layi-layi a gicciye da gangare tun farkon damina. Manomi ya san su duka, da gamba yake zana, da ita kakansa ke yin iyakar gona. In ciyawa ta kama, sa'an nan a zo da gawo da bagaruwa da darbejiya, a kuma tsare wurin daga dabbobi damina biyu ko uku. Aiki bai ƙare ba sai ruwa ya bi magudanar an ga yadda ta yi, domin ruwan farko shi ne mai duba aiki wanda ba ya karɓar goro.

Mai shakka ya tambayi mutanen Adar a Jamhuriyar Nijar, Hausawa ne, ruwansu ma bai kai na Buji ba. A ƙasar Keita, daga 1984, da taimakon Italiya, mutanen ƙauye, galibinsu mata, suka yi ta jera duwatsu a gicciye a kan tuddai, suna datse koramu da kwandunan waya, suna dasa itatuwa a ramukan da ke tare ruwa. Faƙon da aka fid da rai da shi ya koma ba da gero. Ba su fara da itace ba, da ruwa suka fara, kuma daga kan tudu suka faro suka gangaro.

Akwai masu cewa ambaliya daga Allah take, ba mai tare ta. Ruwa daga Allah yake, babu shakka. Ruwan daminar 2022 da ya ci gonaki da gidaje a faɗin Jigawa, da na 2024 da ya shiga gidajen mutane a Gantsa, ruwa ne mai yawa wanda zai gwada kowace magudana, ba kuwa za a ɗora wa ramin burji laifinsa duka ba. Amma ramin ba daga sama ya faɗo ba, da katafila aka haƙa shi, akwai takarda, akwai sa hannu. Wanda ya toshe wa ruwa hanya da rani, ya zo da damina yana yi wa mutane wa'azin haƙuri, ya haɗa laifi biyu. Mutanen da suke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka ba su yarda a fake da ƙaddara a ci haƙƙin maƙwabci ba.

Akwai kuma masu cewa ai rami alheri ne, kududdufi ne, shanu su sha, a yi lambu, a buga tubali. Wannan magana da gaskiya a cikinta, Jos ma ta nuna haka, kuma ba kowane rami ya kamata a cike ba. Amma a dubi kududdufin da. A gangaren gari ake haƙa shi, inda ruwa ya riga ya zaɓa, da hannu, a hankali, bakinsa a kwance, kowace kwata ta unguwa ta san hanyarta zuwa cikinsa, in ya cika kuma akwai inda yake amayarwa. Shi kansa magudana ne. (Abin takaici, a manyan birane irinsu ake cikewa da shara ana yanka filoti, sa'an nan a yi mamakin ruwa a tsakar gida.) In ana so ramin burji ya zama tafki, to, a mai da shi tafki da gangan: a yi masa mashiga ta dutse, da mafita inda zai zubar in ya cika, da baki mai sauƙin hawa. Ramin da aka gudu aka bari ba ya zama alheri don an sake masa suna.

Masu cewa gyara zai sa hanya ta yi tsada su ne suka fi kowa rashin lissafi. Ranar da ake haƙa, katafila tana wurin, direba yana wurin, tifa tana komawa wayam. Kwantar da baki da yanka lambatu aikin 'yan kwanaki ne. In an bari sai kwazazzabo ya girma, sai a nemi injiniyoyi da siminti da rance. Shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2012, da shirin ACReSAL da ya biyo baya a 2021 da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, galibin kuɗinsu bashi ne, jikoki za su biya. A ƙarƙashin ACReSAL ne aka ɗauki aikin tare kwazazzabon Ɗanmasara a Dutse a 2024. Aiki ne mai kyau, mutanen unguwar sun daɗe suna jiransa. Amma duk kwazazzabon da ya ci miliyoyi, akwai shekarar da mutum goma da kwandon dutse za su iya kashe shi. Kuɗin gyara ba ya ɓacewa don ɗan kwangila bai biya ba, kan wani yake komawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka kuwa tana nan. Tsarin mulki na 1999 ya sa ma'adinai duka a hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007, wadda ta haɗa har da fasa dutse da ɗibar yashi da burji don ciniki, ta wajabta wa mai lasisi ya gyara ƙasar da ya haƙa, ya kawo tsarin gyaran a rubuce tun kafin ya fara, ta kuma yi tanadin asusun da zai riƙa zuba kuɗin gyara a ciki. Har wa yau ta ce mai haƙa ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar da ke zaune a wurin. Dokar ba ta da laifi, sai dai ita a Abuja take kwana, ramin kuwa a bayan gari. Tsakaninsu akwai ma'aikacin da ba shi da man babur, da wanda yake da shi amma ya ga ya fi masa sauƙi ya tsaya a ofishin ɗan kwangila.

Kada kuma a bar jaki a doki taiki. Da yawa daga ramukan nan ba wani babban kamfani ya haƙa su ba. Mai gona ne aka zo aka ce masa ga kuɗi a kan kowace tifa, ya ga a mako ɗaya zai sami abin da gero ba ya ba shi a shekara, ya amsa. Bai tambayi zurfin da za a yi ba, bai tambayi wa zai cike ba, bai shawarci na sama da shi ko na ƙasa ba. Talauci ne, gaskiya, kuma mai ƙoshi ba shi da bakin zagin mai yunwa. Amma gonar gado ce, ta ci da uba da kaka, an cinye kuɗinta a biki ɗaya, 'ya'ya sun gaji rami. Mai unguwa da dagacin da aka yi cinikin a gabansu, suka karɓi nasu suka sa albarka, su ne za a fara kai wa ƙara in kwazazzabo ya shiga gonar maƙwabci, kuma ba su da abin cewa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Nan ne wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yake da aiki, gama abin da ya rasa a cinikin nan duka takarda ce. Maganar baki tana tafiya tare da tifa ta ƙarshe. In masu haƙa suka zo gari, a zauna gaban dagaci, da mai gona da maƙwabtansa na sama da na ƙasa, a nemi ganin izininsu, mai karatu ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Sa'an nan a rubuta iyakar wurin da zurfinsa, da inda za a tara baƙar ƙasa, da inda lambatu zai bi, da kwarin da zai zuba, da cewa katafila ba za ta bar gari ba sai an kwantar da baki an jera dutse. A rubuta wani kaso na kuɗin da za a riƙe a hannun amintattu har damina ɗaya ta wuce a kan aikin. A yi takarda uku, ɗaya wurin dagaci, ɗaya ta tafi wurin hakimi, ɗaya ofishin ƙaramar hukuma a Gantsa. Ɗan kwangila na kirki ba zai ƙi ba, don ita ma kariya ce gare shi. Wanda ya ƙi ya faɗi abin da ke ransa tun ba a sa katafila ba.

Ramukan da aka riga aka gudu aka bari kuwa, ba a fara su da siminti. A watan Agusta, ran da aka kwana ana ruwa, samari su fita da sassafe da turaku, tare da wani tsoho wanda ya san wurin tun ba a haƙa ba. Su bi sawun ruwa tun daga tudu, su kafa turke duk inda ya taru, da inda ya faɗa ramin, da inda ya fita, da inda kan kwazazzabo ya tsaya a ranar. Mai rubutu ya auna da taku ya rubuta, da kwanan wata. In kaka ta yi aka kai amfani gida, a tara dutse da gayya a gindin turakun sama, a yanka lambatu kafin ƙasa ta bushe ta yi tauri, a nemo saiwar jema daga fadama a ajiye a lambu har ruwan shuka. Takardar awon kuma a kai ta ƙaramar hukuma, a karɓi shaidar an kai, baɗi a sake aunawa daga turken nan a kai musu ta biyu.